Kilan ɗinmu na Clash of Clans ya kama hanyar mutuwa, yaya zan farfaɗo da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ne shugaban wani kilan, wato ƙungiyar 'yan wasa, na wasan waya Clash of Clans da muka kafa a nan cikin Kano lokacin kullen korona. A da sai mutum ya jira gurbi kafin ya shigo, yaƙi kuma na mutum 30 ko 40 muke bugawa, wani na ƙarewa muna fara wani. Yanzu mu 44 ne a rubuce, amma in an fara yaƙi da ƙyar mutum takwas suke kai hari. Guruf ɗinmu na WhatsApp sai ya kwana uku ba wanda ya ce uffan. Na yi faɗa, na yi lallashi, har kyautar katin waya na sa, duk shiru. In rufe kawai in huta, ko akwai abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka rufe. Mutum takwas da suke kai hari ba sai an roƙe su ba sun isa a tayar da kilan, da ƙasa da haka ma muka tayar da namu a 2023, lokacin da ya kai inda naka yake yanzu. Na fara wasan nan a 2014, shekarar da Supercell, kamfanin da ya yi wasan, ya ƙaro yaƙin kilan, na karɓi shugabanci shekara biyu bayan nan. Abin da zan faɗa maka da idona na gani, wani ma sai da na yi kuskurensa sannan na gane.

Ka fara da tuna lokacin da kuka haɗu. A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano, kasuwa a rufe, makaranta a rufe, ga malaman jami'a sun shiga yajin aiki tun Maris, ba su janye ba sai Disamba. Aka ɗan koma karatu, sai ga wani yajin daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, wata takwas cur. Kilan ɗinka ɗan wannan zamani ne. An haife shi lokacin da saurayi yake wuni bai san abin da zai yi da lokacinsa ba, dokokinsa ma a kan haka aka gina su: yaƙi ba hutu, hari biyu dole, wanda bai ba da sojoji ba a kore shi. Samarin nan yanzu wani yana bautar ƙasa a kudu, wani yana tsaron shago a Kwari daga safe har Magariba, wani yana gyaran waya a Farm Centre, wani ya yi aure har da ɗa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya ƙara zage damtse wajen nema, a farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Kiɗa ya canza, kilan ɗin kuma yana nan yana jiran tsohuwar rawa.

Ga abin da na fi so ka riƙe a duk maganar nan: yawancin waɗanda suka yi shiru kunya ce ta riƙe su. Mutum ya bar hari a wannan yaƙi saboda wayarsa ta mutu ba caji, a na gaba maigidansa ya aike shi Dawanau, sai ya buɗe guruf ya tarar an jera sunayen waɗanda suka jawo faɗuwa, nasa a ciki. Daga ranar ya zama kamar wanda ake bi bashi. Ka san yadda mai cin bashi yake da layin da mai kuɗin yake zaune, ko nan ne ya fi kusa, zagayewa yake. Zai ga saƙo ya ƙi buɗewa don kada a ga ya karanta, zai shiga wasan ya kwashi zinarensa ya fita bai leƙa hirar kilan ba, kuma kullum aka ƙara kwana dawowar tana ƙara masa nauyi. Faɗan da ka yi a guruf, ko da gaskiya ka faɗa, bashin ya ƙara masa. Lallashin bainar jama'a ma haka, tunda kowa ya san da wa ake. Duk dabarar da za ka yi daga yau, ka auna ta da wannan: tana sauƙaƙa wa mutum dawowa, ko tana ƙara masa jin nauyi?

Aikin farko a wajen wasan yake. Ka ɗauki sunayen nan 36 ka neme su ɗaya bayan ɗaya, a kira ko a saƙon murya, wanda yake kusa kuma ka taka ka same shi, zumunta a ƙafa take. Ka gaishe shi, ka tambayi gida da aiki, kada maganar hari ta fito daga bakinka. In hira ta yi nisa sai ka ce kana gyaran kilan ne, kana son ka san ko yana nan da sha'awa, kuma duk amsar da ya bayar ba komai. Zai ci maka sati biyu ko fiye. Da na yi nawa, sai na tarar mutanen da na daɗe ina zargi da raini ashe wayarsu aka ƙwace, ko ta lalace, ko ta tsufa wasan ya daina buɗewa a kanta, kuma ba su taɓa haɗa garinsu, wato sansanin da kowa yake ginawa a wasan, da Supercell ID da yake adana shi ba, ko sun haɗa sun manta imel ɗin. Mutum ya shekara huɗu yana gina gari ya rasa shi dare ɗaya, ba shi da ƙarfin gwiwar farawa daga tushe, kuma yana jin kunyar ya zo ya faɗa. Irin wannan ka zauna da shi ku gwada dawo da garin ta sashen taimako na cikin wasan. Lambar shaidar garinsa, wato tag, tana nan a jerin membobinka, kai za ka duba masa. In garin bai dawo ba ya buɗe sabo, kilan ya riƙe shi da sojoji. Tun yau kuma ka tabbatar takwas ɗin nan kowa ya haɗa nasa da imel ɗin da yake tuna mabuɗinsa.

Za ka samu waɗanda aka ɓata wa rai. Wannan ya fi wuya, domin Bahaushe ba ya saurin cewa wane ya yi min kaza, sai dai ya ce ayyuka ne suka yi yawa. Amma in mutum uku ko huɗu suka ambaci suna ɗaya a kaikaice, ka san ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa gwanin kilan ne, wanda ya fi kowa cin taurari uku, wato rushe garin abokin karo gaba ɗaya, shi ne kuma mai yi wa harin mutane dariya, an ƙyale shi don ana tsoron rasa shi. Ka same shi ku biyu ka faɗa masa gaskiya. In ya gyara, alhamdulillahi. In ya ƙi, rabuwa da shi ta fi alheri ko da za ku sha kashi a yaƙi biyu ko uku, domin taurari shida ne iyakar abin da gwani zai kawo a yaƙi, mutanen da yake kora kuwa ba ka san iyakarsu ba.

Sai waɗanda suka gama da wasan har ga Allah. Ka gode musu, ka gaya musu za ka cire garinsu, ƙofa kuma a buɗe take duk ranar da suka so. Ka faɗa kafin ka cire, kada mutum ya wayi gari ya ga an kore shi kamar mai laifi. A guruf ɗin WhatsApp kuwa ka bar su, ana gaisawa, ana sanar da ɗaurin aure da suna da rasuwa. Na san cirewar tana da ciwo, 44 lamba ce mai daɗin gani, amma taron tsintsiya ne ba shara. Baƙon da ya leƙo abu biyu yake dubawa, sojoji nawa aka ba juna a wannan zango da kuma tarihin yaƙi. In ya ga sifili a gaban mutum talatin ya san gidan ba kowa.

Yanzu maganar yaƙi, inda yawancin shugabanni suke yin ɓarna. Wasan ya yarda a buga na mutum biyar-biyar, ko goma-goma, har zuwa hamsin. Da mutum takwas ka buga na biyar, ana karɓa-karɓa, har ku kai goma. Kada ka cike gurbi da manyan garuruwan da masu su suke barci, domin gwargwadon ƙarfin garuruwan da kuka sa ake nemo muku abokan karo. Garin zai jawo muku ƙato, shi kuma ba zai kai hari ba. Alamar kore da ja ta shiga yaƙi ma kada ka dogara da ita, wani tun bara ya bar tasa a kore. Wanda ya ce "ina ciki" da bakinsa a wannan satin shi za ka sa. Wanda ya ce ba zai samu dama ba, ka ce Allah ya taimaka, sai wani satin, kada ka tambaye shi dalili. Da mutane sun ga ana cewa a'a ba a ji haushi ba, sai su daina ɓuya.

Sau ɗaya a sati ya isa a farko, kuma lokacinsa kada ya motsa. Ga lissafin: ranar shiri awa 23 ce, ranar yaƙi awa 24, jimla 47. Ke nan yaƙi yana ƙarewa bayan kwana biyu, saura awa ɗaya a kai lokacin da aka haɗa ku. In ka danna nema ranar Alhamis da ƙarfe goma da rabi na dare aka haɗa ku nan take, za a buɗe fage Juma'a tara da rabi, a rufe Asabar tara da rabi. Ɗan kasuwa, da Asabar ranar aiki ce gare shi, yana da daren Juma'a, yana kuma da bayan Isha'in Asabar. Ɗalibi da ma'aikaci suna da yinin gaba ɗaya. Abin da aka saba shi ne shugaba ya danna nema duk lokacin da ya tuna, sai yaƙi ya ƙare ƙarfe biyu na rana kowa yana bakin aiki, ko ana shirin tafiya masallacin Juma'a, ko tsakanin Magariba da Isha'i. Da azumi ka sake lissafi a ƙare bayan Tarawihi. Goman ƙarshe kuwa ni rufe yaƙi nake gaba ɗaya mu dawo bayan Sallah, kuma ban taɓa rasa mutum saboda haka ba.

Ka sa wuta da sabis a lissafinka. Hari minti uku ne, in sabis ya yanke a tsakiya ya tafi ke nan da abin da aka riga aka sauke, ba a maimaitawa. Ka tuna Oktoban 2024, da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki a duhu, cajin waya sai an bi layi a shago. Kilan ɗin da dokarsa ita ce duk wanda ya bar hari a kore shi, a irin wannan sati zai kori rabin mutanensa a kan abin da ba laifinsu ba. Dokar da ta dace da mu ta sanarwa ce: in ka ga ba za ka iya ba ka faɗa da wuri, ko ka aiko a faɗa. Ku kuma saba da kai harin farko a daren da aka buɗe fage, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuna da abin da kilan ɗin da mutanensa suke warwatse a ƙasa goma ba shi da shi, wato kuna iya haɗuwa ido da ido. Awar ƙarshe ta yaƙi ta zama majalisa. Na kusa su haɗu a teburin mai shayi ko ƙofar gidan ɗayanku, na nesa, irin na Hotoro ko Rijiyar Zaki ko wanda yake wajen gari, su shigo ta kiran murya. Wasan yana bari a kalli harin ɗan'uwa kai tsaye yana kaiwa, kuma babu abin da yake mayar wa mutum da son wasan nan kamar ya sauke sojojinsa ya ji mutum shida sun tsaya a kansa suna ƙirga masa, kashi 97, 98, saura daƙiƙa biyar. Wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya san bambancin kallo shi kaɗai da kallo cikin jama'a. A wurinmu wannan zaman ne ya tayar da kilan, fiye da duk wani abu da na yi. Mutane suka fara zuwa don shayin da hirar, harin ya zama dalilin haɗuwa. A nan ne kuma ake koyarwa. A sa gari a gwajin sada zumunta, wanda ba a asarar komai a cikinsa, ƙwararre ya nuna wa na ƙasa yadda ake share gefe da gefe don runduna ta nufi tsakiya, da lokacin sauke sifel, wato tsafin da ake jefawa a fagen hari, da yadda ake janyo sojojin da suke ɓoye a gidan kilan. A yi a gabansa, a wayarsa, sau ɗaya ya fi saƙo ashirin. Sai dai a tashi da wuri a bar magidanta su koma gida, in ba haka ba iyali za su tsani kilan ɗin, kuma suna da gaskiya.

Cikin sauran abubuwan da wasan ya tanada, wanda ya fi dacewa da kilan mai jinya shi ne harin ƙarshen mako na babban birnin kilan, birnin da kilan yake ginawa tare, da aka kawo a Mayun 2022. Daga safiyar Juma'a zuwa safiyar Litinin ne, kowa yana da hari biyar da ƙarin ɗaya in ya ƙarasa rushe unguwa, kuma da rundunar birnin ake kaiwa, don haka mai fada ta bakwai da mai ta 16 (fada ita ce babban ginin da yake nuna matakin gari) makami ɗaya ne a hannunsu. Ba wanda za a nuna a ce shi ya jawo faɗuwa. Wanda ya daɗe bai buga ba ta nan ya kamata ya shigo. Wasannin kilan na ƙarshen wata, inda kowa yake cika ƙananan ayyuka ana tara wa kilan maki, su ma lissafinsu mai sauƙi ne. A tsarin da aka daɗe a kai, maki 4,000 ne iyakar mutum ɗaya, matakin ƙarshe kuma 50,000, wato sai da mutum 13. Ku takwas 32,000 za ku iya, wanda ya haye matakin 30,000. Wannan za ku sa a gaba, ku cim masa ku yi murna. Lig ɗin farkon wata kuwa, wanda aka fara a Oktoban 2018, ka ɗaga masa ƙafa tukuna. Kilan takwas ne a rukuni, yaƙi bakwai a jere, hari ɗaya kowace rana, kuma matsayin kilan a lig ake dubawa wajen haɗa ku, ba ƙarfin garuruwa ba. In ka shiga da mutanen da ba su cika ba, sati guda za ku yi ana dukanku, dukan kuma shi zai ƙarasa sauran. Ka bari sai kana da 15 tsayayyu da uku ko huɗu a benci.

Hanya mafi sauri ta samun waɗannan 15 ita ce haɗewa da wasu. Ka tambayi mutanenka, wani ya san wani a Fagge ko Dorayi ko cikin ɗaliban BUK da yake da nasa mutum bakwai ko goma da shugaban da ya gaji. Abu biyu suke ɓata haɗewa: gidan wa za a zauna, kuma wa zai yi shugabanci. Na farko lissafi ne, tunda ba a ɗauke matakin kilan ko ginin birni a kai wani wuri, sai a zauna inda suka fi girma. Kilan da ya kai mataki na 5 sojojin da aka bayar a cikinsa suna ƙaruwa da mataki ɗaya, a na 10 da biyu, ba a yar da irin wannan don suna. Na biyun ne mai zafi, ka san mu da son sarauta. Shawarata, wanda aka zauna a gidansa ya riƙe shugabanci, wanda ya taso da jama'arsa a ba shi mataimaki a kuma damƙa masa yaƙi gaba ɗaya, shi zai zaɓi mutane ya raba hari. A gwada wata guda kafin a yanke magana. In naka ne ƙarami, ka daure ka tashi, mutanen ne abin ceto.

Game da sababbin jini, ga kuskuren da na yi. Da na ga muna raguwa sai na buɗe ƙofa kowa ya shigo. Cikin kwana biyu muka cika da baƙin da ba ma jin yaren juna, su roƙi sojoji su fice, wasu daga shigowa sai neman muƙami. 'Yan gida suka ga hirar ta zama ba tasu ba, biyu daga cikin na kirki suka tafi, har yau abin yana damuna. Tun Oktoban 2019 aka cire hirar duniya da ake tallan kilan a cikinta, naku kuma bayan nan aka kafa shi, ke nan tun asali aboki ne ya kawo aboki. Hanyar nan za ku koma. Ka mayar da shiga sai da izini, ka rubuta bayanin kilan da Hausa, ka sa ranar yaƙi da lokacinsa, sannan ka roƙi kowa cikin takwas ɗin ya kawo mutum ɗaya da ya sani: ƙanensa, abokin shago, ɗan ajinsu. Kada ka sa sharaɗin babbar fada. Yaron da yake fada ta shida yau, in an riƙe shi da kyau, shi ne mataimakinka nan da shekara biyu, kuma shi yake da lokacin da ku kuka rasa. A yi masa maraba da sunansa, in ya roƙi sojoji a cika masa kafin ya ajiye waya, a haɗa shi da yaya guda da zai riƙa duba garinsa. In ya yi gaggawar ɗaga fada ya bar katanga da bindigogi a baya, a nuna masa gyara ban da dariya. In ɗan sakandare ne a tabbatar gida sun sani, a kuma cire shi daga yaƙi lokacin jarrabawa ko bai nema ba.

Hirar guruf a tsare ta daga ashar da siyasa da gardamar aƙida. Ka san zafin siyasar Kano, na ga kilan da ya tsallake komai amma bai tsallake zaɓen 2023 ba. Musun ƙwallo ba laifi, yana ma raya guruf. In mace ta shigo, kuma akwai masu buga wasan nan da kyau, duk wanda ya bi ta ta bayan fage da saƙon da ba ta nema ba a sallame shi a ranar, ko waye shi.

Kyautar kati da ka sa ban yi mamakin rashin aikinta ba. Gwanaye biyu ko uku ne za su riƙa ci, kowa ya sani, sauran ba su ga dalilin wahala ba. Ka kiyayi kuma tsarin da kowa zai zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, mutane za su ce caca ce su janye, iyaye in suka ji kuma sun raba 'ya'yansu da ku ke nan. Abin da na ga ya fi kati aiki shi ne yabo da suna bayan kowane yaƙi, har da wanda ya samo tauraro ɗaya a garin da ya fi ƙarfinsa. In akwai abin kashewa a sayi shayi da burodi ranar majalisa, ko a tura wa ɗalibi data ba tare da an sanar ba. Za a kuma ba ka shawarar ka karɓi garuruwan waɗanda suka tafi ka riƙa kai musu hari. Kada ka yi. Dokar Supercell ta hana ba wa wani gari ko sayar da shi, ana iya rufe shi, ko ba a rufe ba ma kai kaɗai za ka koma kana buga wa mutum shida, ka gaji cikin wata guda.

Gajiyar nan ina jin ta a tambayarka, inda ka ce ka rufe ka huta. Ka raba aikin, ɗaya yaƙi, ɗaya birni, ɗaya baƙi. Sai dai muƙamin mataimaki ka san wa kake ba, domin yana iya korar na ƙasa da shi, yana iya fara yaƙi. Wanda ka sani ka san gidansu kawai. Kai ma kana da damar cewa wannan satin ba na ciki.

Wani zai ce maka wasan ne ya tsufa, tun 2012 yake. Wasan kwamfuta na Age of Empires II a 1999 ya fito, a 2006 aka rufe dandalin da ake haɗuwa a buga shi, 'yan wasan suka koma wasu dandaloli irin su Voobly suka ci gaba, wasunsu suka ƙirƙiro ƙarin al'ummun da ake wasa da su a cikinsa da kansu, har kamfanin Microsoft ya karɓi aikin ya fitar da shi a hukumance a 2013. Clash ma bai tsaya ba. A Maris ɗin 2025 aka cire jiran horar da sojoji gaba ɗaya, jiran nan kuwa yana cikin abin da ya kori masu aiki. Wanda ya bari kafin lokacin bai san yanzu yana iya kai hari a minti biyar ɗin da yake jiran Adaidaita Sahu ba. Ka gaya musu wannan a kiran da za ka yi.

Ka ba abin wata uku. Ranar da ka buɗe guruf ka tarar wani ya riga ka tambayar wa da wa ke ciki a wannan satin, ya fara tashi. Yau dai ka goge jerin sunayen masu laifi in yana nan a maƙale, ka fara kira da mutum ukun da ka fi jin kewarsu. Wanda bai ɗauka ba ka bar masa saƙo gajere, kamar haka: "Salam, kwana biyu. Ya gida, ya aiki? Mun rage yaƙi zuwa sau ɗaya a sati, daren Juma'a zuwa daren Asabar, kuma sai wanda ya ce yana ciki ake sawa. Asabar bayan Isha'i muna haɗuwa shan shayi, ko ba za ka buga ba ka zo mu gaisa." In bai amsa ba, kada ka sake turawa sai bayan wata guda, ko ranar Sallah.